Layi Biyu a Shekarar Sanƙarau

Bazarar bana ta zo da irin zafin da ke sa bango ya yi ta huci har bayan la'asar. A Shagari nake zaune yanzu, gidan ɗana Umaru, a ɗakin da ya gina mini gindin dogonyaro. Shekaranjiya da hantsi wata mota ta bi ta bayan gida da lasifika da kiɗa, ana kiran mutane su fito zaɓen ciyaman. Matar Umaru tana tankaɗe, ta ɗago kai ta ce, "Inna, bana dai kina hita ko? Yanzu ba mai ganin wanda kinka dangwala ma." Na ce mata to. Amma ranar tuwo bai wuce mini ba. Zafin nan da kiɗan motar sun haɗu sun mayar da ni wata bazara, shekara talatin ko kusa da haka, lokacin ina matar aure a wani ƙauye na ƙasar Bodinga.

Sunan mijina Sahabi. Sai da na tsufa bakina ya iya faɗin sunan, a lokacin Maigida nake cewa. Shi da wansa Modi gida ɗaya suke, gandu ɗaya, tun rasuwar mahaifinsu ba su raba ko fartanya ba. Ni da Luba, matar Yaya Modi, turmi ɗaya muke daka, tukunya ɗaya muke ɗorawa. Ina da 'ya'ya biyu ƙanana, Nana da Umaru.

Daminar da ta gabaci wannan bazara ba ta yi mana kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi, abin da aka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Sai duk ido ya koma kan albasar da ke fadama. Maza suna idar da sallar asuba su wuce lambu, su yi ta jan jigo har rana ta take. Rijiyar kullum ƙara nisa take yi, bayan 'yan kwanaki sai ɗayansu ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga yasa. Mu kuma a gida mu surfa ɗan abin da aka auna mana, mu wanke, mu daka, mu dama fura tsararo a kai musu. Dusar da a da muke ba awaki muka fara mayar da ita cikin tuwo. Da rana kwaɗon zogale ne da ƙuli-ƙuli, in an samu ƙuli-ƙulin.

Bayan ƙaramar Sallah aka fara cirar albasa. A jibge mana ita a rumfa, ni da Luba mu zauna da wuƙaƙe muna yanke ganye. Ganyen mu kirɓa shi, mu mulmula, mu shanya ya zama gabu na miya. Albasar kuma a jera ta a rudu, ɗan ɗakin karan da ake ajiye ta don ta sha iska. Warinta ya kama zannuwanmu da gashinmu, har ruwan randa sai ka ji kamar da ita a ciki. Ruwan randar ma ya daina sanyi. Kaji su kwanta gindin rumbu baki buɗe. In ka taka ƙasa ba takalmi da azahar sai ka yi rawa ba kiɗa.

A cikin wannan zafi sanƙarau ya shigo. Ɗiyar maƙerin garinmu ya fara ɗauka. Yaro zai tashi lafiya, da hantsi ya ce kansa, kafin magariba wuya ya sandare ya koma baya, ba ya son ganin haske. Wani ya kwana biyu, wani ko kwana ba ya yi. Ƙasar maƙabarta ta yi tauri har sai an zuba ruwa kafin diga ta shiga. Ruwan rijiya ɗaya aka koma rabawa uku: na sha, na sauran albasar da ba a cire ba, da na kabari. Mu mata muna daga cikin gida, ba ma ganin jana'iza, sai dai mu ji takun ƙafafu sun wuce ta bayan zana, mu tsayar da taɓarya har su yi nisa.

To a irin wannan lokaci aka ce za a yi zaɓen ciyaman na ƙaramar hukuma. Soja ke mulki, suka ce ba jam'iyya, ba akwati. Za a kafa hoton kowane ɗan takara a fili, kowa ya tsaya bayan wanda yake so, a bi a ƙirga kawuna a gaban jama'a.

Mutum biyu ne maganarsu ta iso garinmu. Ɗaya babban mai sayen albasa ne da ake wa laƙabi da Alhaji Mai-rudu, saboda yawan rudunsa. Motocinsa ne kaɗai ke iya shigowa hanyarmu mai yashi, don haka yadda ya yanka farashi haka ake sayar masa. Yaya Modi ne dillalinsa a garin, kuma Alhaji ya yi alkawarin haƙa mana rijiyar burtsatse. Ɗayan tsohon shugaban makaranta ne, kowa Hedimasta yake ce masa, mutum siriri mai yawo a kan babur. Shi alkawarinsa hanya ce, wadda kowace mota za ta shigo ta sayi albasa, ba ta mutum ɗaya ba. Sahabi ya daɗe yana jin zafin yadda ake kwashe wahalarsu a banza. Tun ranar da Hedimasta ya tsaya gindin tsamiyar kasuwa ya yi magana, zuciyarsa ta tafi can.

Motocin Alhaji suka riƙa zuwa da makaɗa da maroƙa, ana raba wa mata gishiri da sabulu. Wata rana suna kiɗa a bakin kasuwa aka fito da gawa, suka sassauta har aka wuce, sannan suka ci gaba. Mutanen Hedimasta ba su da abin rabo, sai bi gida-gida da magana. A masallaci aka fara lura da wanda ya tsaya kusa da wane.

A gidanmu abin ya fashe ne wata magariba, suna cin tuwo a zaure, ni ina kawo ruwa. Na ji Yaya Modi yana cewa, "Ni ka kai ma Alhaji albasar garin ga. In anka gan ka bayan hoton wancan, da wane ido za ni duban shi?"

Sahabi ya ce, "Da idon da kaka duban shi in shina yanka muna farashi."

"Ni nag girme ka. Gidan ga baki guda a garai."

"Ka girme ni, Yaya, ban musa ba. Gona in ka ce a yi gabas, gabas za ni. Amma wagga tsayuwa da ƙahwahuna za ni yin ta."

Na ji an ture akushi. Washegari Yaya Modi ya zo da zana da itatuwa ya kafa a tsakar gida, tun daga bakin rumbu har gindin bango. Aka raba hatsi, aka raba tukunya. Turmi ya faɗa ɓangarensu, taɓarya mai kyau ta faɗa namu. Ni da Luba ba mu yi faɗa da juna ba, sai muka buɗe wata 'yar kafa a ƙasan zanar, ta nan gishiri da garwashi suke wucewa. Maza kuwa lambu ɗaya suke zuwa har yanzu, ɗaya na jan jigo ɗaya na kora ruwa, tun safe har azahar ba mai ce wa wani sannu.

Ana saura kwanaki kaɗan zaɓe aka ce masu allurar rigakafi sun zo. Motar da ta kwaso su ta kafe a yashi, sai Alhaji ya ba da tasa ta ƙaraso da su, ga hotonsa manne a goshinta da gefenta. Kafin a sauke kaya magana ta zagaye gari, wai allurar Alhaji ce, duk wanda ya miƙa hannu ya shiga layinsa. Mutanen Alhaji ba su ƙaryata ba, don abin ya yi musu daɗi. Mutanen Hedimasta da yawa suka zauna a gida.

Na sami Sahabi yana gyaran igiyar guga. Na ce, "Maigida, ɗiyana za su wurin allura, ni ma za ni."

Ya ƙulle igiyar. Sannan ya ce, "Ku tahi. Ni dai ba ni kai hannuna gindin hoton mutumin ga."

Ashe Yaya Modi yana tsaye bayan zana. Ya ɗaga murya kamar da iska yake magana, ya ce, "A gaya ma maigidan can, allura ba ta da ɗan takara."

Sahabi ya ce, "A gaya mashi a cire hoton, in zo."

Ba wanda ya cire hoton. Muka je da Luba da yara aka harba mana a damtse da wani abu mai kama da bindiga. Kafin la'asar motar ta wuce wani gari.

Ranar jajibirin zaɓe Sahabi ya dawo daga lambu da wuri, ya ce rana ce ta buge shi. Na jiƙa zane na ɗora masa a kai. Da safe na dama kunu, ya kurɓa sau biyu ya mayar. Jikinsa kamar an ciro ƙarfe daga wuta. Na lura in zai dube ni sai ya juyo da ƙirjinsa gaba ɗaya, wuyan ba ya juyawa. Na durƙusa na ce ya yi wa Allah ya kwanta, a nemi amalanke a kai shi Bodinga.

Ya ce, "In ban tsaya ba, cewa za su yi an saye ni daren jiya. Bari a ƙirga ni, sannan ki kai ni inda kika so."

Ya jawo hula ya rufe rabin idonsa, ya fita yana dafa bango.

A filin makarantar firamare aka yi, wurin da ba ko inuwar kara. An kafa sanduna biyu, kowace da hoto. Maza suka yi layi biyu, mu mata aka ja igiya aka tsayar da mu daga gefe, mu ma layi biyu. Tsakanin layin Alhaji da na Hedimasta bai fi faɗin ɗaki ba. Maƙwabci yana kallon maƙwabci, suruki yana kallon suruki. Mutanen da suka haƙa kabari tare jiya, yau kowa ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa. Luba tana can ɗaya layin, da muka haɗa ido sai ta gyara lulluɓi. Tun hantsi muke tsaye har inuwar mutum ta koma ƙarƙashinsa. Masu allura sun ce a guji cunkoso, ga shi an tara gari guda kafaɗa da kafaɗa, ana shaƙar numfashin juna.

Malamin zaɓe ya yi shela cewa daga an fara ƙirga, wanda ya bar layi ya bari ke nan. Ya fara da mazan Alhaji. Yana tafiya yana dafa kafaɗar kowa yana faɗin lamba, wakilan 'yan takara suna binsa suna maimaitawa da ƙarfi.

Ni idona yana kan Sahabi. Na ga ya fara tangaɗi kamar kara a iska. Ya dafa bayan na gabansa, mutumin ya waiwayo, ya ga yadda wuyansa yake, ya zame. Sahabi ya durƙusa, sannan ya kife. Waɗanda ke kusa da shi suka ja baya don tsoron ciwon, amma ba wanda ya yarda ya fita daga layi. Sai layin ya lanƙwasa ya zagaye shi, yana kwance a tsakiya cikin rana.

Na tsallake igiya na ruga. Ina ɗaga kansa na ɗora a cinyata, sai na ɗago ido, ga Yaya Modi daidai saitinmu a ɗaya layin. Mai ƙirga ya kusa isowa kansa. Na ga ya ɗaga ƙafa zai taho. Wani yaron Alhaji da ke bayansa ya ɗora masa hannu a gadon baya, bai ma riƙe shi ba, ɗorawa kawai ya yi. Yaya Modi ya mayar da ƙafarsa. Ya tsaya idonsa a kan ƙanensa, har aka dafa kafaɗarsa aka faɗi lambarsa. Sannan ya taho da gudu har hularsa ta faɗi.

Tsayuwar ba ta kai a shanye kofin ruwa ba. Amma na gani, shi ma ya ga na gani.

Ya ciccibi Sahabi kamar yaro. Sahabi ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "An ƙirga ni?"

Yaya Modi ya ce, "An ƙirga ka."

Ko fara layinsu ba a yi ba.

Ranar an hana motoci tafiya, sai amalanken shanu muka samu. Na zauna a ciki na riƙe kansa don kada girgiza ta taɓa wuyan. Yaya Modi ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa ta a hannu biyu bisa fuskar Sahabi, yana tafiya a gefen amalanke cikin yashi mai zafi, daga shi sai 'yar shara. Haka ya yi har Bodinga, bai sauke hannuwan ba. Duk wanda muka gamu da shi a hanya, in ya hango yadda mara lafiyar yake kwance, sai ya ratse ya rufe hanci yana mana addu'a daga nesa.

A bayan gari an kafa rumfunan zana saboda ɗakuna sun cika. Mutane kwance a tabarmi jere-jere, yara sun fi yawa, kowa da mai yi masa fifita. Ma'aikatan idonsu ya yi ja don rashin barci, amma ba su bar mu muna jira ba. Aka yi masa wata allura mai kauri kamar mai. Muka zauna. Yaya Modi ke zuwa neman ruwa, shi ke juya shi, shi ke wanke masa jiki. Ni da shi ba mu yi wata magana ba in ban da "miƙo" da "riƙe nan".

Washegari da la'asar gari ya ɗauki kiɗa da guɗa, babura suna ta ƙaho. Aka ce Alhaji Mai-rudu ya ci. Ayarin ya biyo ta hanyar da ke kusa da rumfunan, ƙurar motocinsu tana sauka a kan marasa lafiya. Na tsorata kada Sahabi ya ji. Na sunkuya na kira shi, sai na gane ciwon ya riga ya toshe masa kunne. Idonsa a buɗe, yana kallon zanar rumfa. Bai san wanda ya ci ba. Kashegari kafin azahar ya cika.

Ranar sadakar uku 'yan takarar biyu duk suka zo gaisuwa. Luba ta leƙa ta zaure ta dawo ta gaya mini a tabarma ɗaya aka zaunar da su, kwano ɗaya suka sha ruwa, har Alhaji yana tambayar Hedimasta lafiyar iyali. Alhaji bai daɗe a kujerar ba soja suka sauke ciyamomin duka. Ba mu ga burtsatse ba, ba mu ga hanya ba. Da aka dawo siyasar jam'iyyu, na ji an ce su biyun tafiya ɗaya suke yi, mota ɗaya suke shiga.

Bayan masu gaisuwa sun watse Yaya Modi ya tumɓuke zanar da hannunsa, da tsakar rana, bai kira kowa ya taya shi ba. Ya mayar da hatsinmu rumbu ɗaya. Ya aika wa Alhaji ya nemi wani dillalin. Shi ya riƙe Nana har ya aurar da ita, shi ya sa Umaru makaranta. Bai taɓa ɗaga maganar filin nan ba, ni ma ban taɓa ba. Wani ma'aikaci a rumfunan ya ce mana ciwon ya riga ya yi nisa tun kafin Sahabi ya fita daga gida, na kuma sa Luba ta maimaita wa Yaya Modi wannan. Ta ce ya saurara har ta gama, ya tashi ya ɗauki buta. Har ya koma ga Allah bai sake zuwa wurin zaɓe ba, ko da aka dawo da akwati da labule.

Yanzu shi da Luba duk sun rasu. Umaru bai tuna komai ba sai tabon allura a damtsensa. Ni kuwa duk inda na ga mutane sun yi layi cikin rana, ko na karɓar taki ne, sai idona ya shiga neman inda layin ya lanƙwasa.

Sanƙarau bai bar garinmu ba sai da ruwa ya sauka. Ina cikin takaba a lokacin. Wata la'asar gabas ta haɗe, iska ta kwashe shanyar gabu, sannan aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya shigo har ƙuryar ɗaki. Yara suka fita tsirara suna tsalle, Luba tana tara kwanoni a bakin indararo. Aka ce daga ranar ba a sake fita da gawar ciwon ba.

Da gari ya waye, bayan an fito masallaci, na ji takun Yaya Modi ya nufo ƙofar ɗakina, sungumi yana ƙara a kafaɗarsa. Kowace shekara in an yi ruwan shuka haka yake yi, shi ke sara rami, ƙanensa na biye yana zuba iri yana rufewa da diddige. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sahabi, hito, ƙasa ta jiƙa."

Sai ya tuna. Ina jin numfashinsa ta bayan asabari. Luba ta tsayar da shara. Ba wanda ya motsa a gidan.

Na tashi na sauko da ƙwaryar iri daga rataya, na tura ta ƙarƙashin asabari. Ya daɗe kafin ya sunkuya ya ɗauka. Na ji takunsa ya fita ta zaure.

Luba ce ta kai masa fura da hantsi. Da ta dawo ta zauna kusa da ni, ta ce maƙwabta sun ce za su ba shi mai zuba iri, ya ce a bari. Ta ce yakan sara ramuka har ya kai gefen gona, ya tsaya ya waiwaya, sannan ya ajiye sungumi ya dawo farko ya zuba irin da kansa.